Tsohuwar Kwamfutarka Ba Ta Mutu Ba

  

Shirinmu na yau na masu kwamfuta ne. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu. Malamar da ke haɗa sakamakon jarrabawa. Mai shagon buga takardu. Ɗan kasuwar da ke ajiye lissafinsa a laftof. In kana cikinsu, ko kana da ɗa ko ƙane a cikinsu, matso kusa da rediyo.

Zan fara da labari. Daga nan in faɗi abin da ya shafe mu a ciki. Sannan mu zo ga mafita, kuma a nan ne za mu fi daɗewa.

Ga labarin. Ranar 14 ga Oktoban 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10. Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da yawancin kwamfutocinmu. Ita ce ke tashi da zarar ka kunna. Ita ke haɗa allo da madannai da firinta da intanet, su yi aiki tare. Wannan zubi na 10 ya fito ne a watan Yulin 2015, ya yi shekara 10 yana aiki, aka ce ya isa.

Me ake nufi da daina kula? Ku saurara da kyau, domin a nan mutane ke ruɗewa. Kwamfutarka za ta ci gaba da tashi. Takardunka suna nan. Hotunanka suna nan. Abin da ya tsaya shi ne gyaran tsaro da kamfanin ke aikowa duk wata ta intanet. Kullum ana gano kafa a cikin manhaja, wato wani kuskure da ɗan kutse zai iya bi ya shiga. A da, in an gano, sai a toshe. Yanzu in an gano, tana nan a buɗe. Wata ya bi wata, kafofin suna ƙaruwa.

Kar ku ɗauki wannan da wasa. A watan Mayun 2017, wata muguwar manhaja da ake kira WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150. Tana shiga kwamfuta, ta kulle duk abin da ke ciki, ta ce sai an biya dala 300. A Ingila, asibitocin gwamnati da dama sun mayar da marasa lafiya gida, saboda likita ba ya iya buɗe bayanansu. Alhali kuwa tun watan Maris, wata biyu kafin nan, Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe wannan kafa. Waɗanda ba su sa gyaran ba su ne suka sha wahala. To, ina ga wanda gyaran ma ya daina zuwa masa?

Wani zai ce, ai sai in koma Windows 11. Da kyau, in kwamfutarka ta isa. Windows 11 tana da sharuɗɗa. Tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Tana kuma neman firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta zamani: in ta Intel ce, daga zubi na 8 zuwa sama.

Yaya za ka san taka? Duba bayanin firosesar. Za ka ga an rubuta, misali, i5, sai lambobi huɗu. A tsofaffin kwamfutoci, lambar farko ita ce zubi. In ka ga 8250, zubi na 8 ne, ka tsallake. In ka ga 3320, ko 4300, ko 6300, ko 7200, to galibi Windows 11 ba ta karɓe ka ba.

Yanzu ku tuna irin laftof ɗin da ke hannunmu. Mu kaɗan ne muke sayen sabuwa fil a kwali. Ta hannu muke saye, tokumbo. HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su, aka loda a kwantena, suka sauka Ikko, suka hau mota zuwa Kano da Kaduna da Sakkwato, wasu har Maraɗi da Damagaram. Da yawa daga cikinsu zubi na 4 ne zuwa na 7. Kuma lafiyarsu ƙalau. Ƙarfen jikinsu ma ya fi na wasu sababbin. A ƙarshen 2023, kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 a duniya za su iya zama shara saboda wannan sauyi. Shara, alhali ba abin da ya lalace a jikinsu. Wannan abu yana ci mini rai.

To mene ne zaɓi? Za ka iya sayen sabuwa, in aljihu ya yarda. Microsoft ya buɗe wa masu amfani a gida tsarin ƙarin wa'adi, amma ya sa iyakarsa 13 ga Oktoban 2026, jinkiri ne kawai. Akwai masu gyara da ke da dabarar cusa Windows 11 a kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba. Tana tashi, amma Microsoft da kansa ya ce bai yi alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan kwamfuta gyara ba. Sai zaɓi na ƙarshe, wanda shi ne maganarmu ta yau. Sunansa Linux.

Bari mu shiga kashi na biyu. Mene ne Linux?

Babbar manhaja ce, aikinta ɗaya da na Windows. Bambancin yana ga wanda ya mallake ta.

A 1983, wani masanin kwamfuta a Amurka, Richard Stallman, ya fara wani aiki da ya kira GNU. Burinsa a samar da manhajar da kowa ke da 'yanci a kanta. Shi da abokan aikinsa suka rubuta kayan aiki masu yawa, amma zuciyar tsarin, wadda ke magana kai tsaye da ƙarfen kwamfuta, ba ta kammala ba. A watan Agustan 1991, wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta tasa zuciyar don nishaɗi. Ya saka ta a intanet, ya nemi mutane su duba, su ba da shawara. Aka haɗa tasa da kayan GNU, aka sami cikakken tsari. Yau dubban mutane da manyan kamfanoni ne ke aiki a kansa.

Irin wannan manhaja ana ce mata buɗaɗɗiya. Ga ma'anar. Duk manhaja rubutu ce, umarni ne da mutum ya rubuta wa kwamfuta. Kamfani irin Microsoft yana ɓoye nasa rubutun, ya sayar maka da izinin amfani. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa, rubutun a fili yake, kowa ya gani.

Manoma za su gane ni da sauri. Ka ɗauki irin geron da ka gada. Kana shuka shi a duk gonar da ka ga dama. Kana duba shi, ka san halinsa. Maƙwabci ya roƙa, ka auna masa, ba wanda zai kai ka ƙara. In kaka ta yi, ka zaɓi zangarniya mafi kyau ka ajiye, iri ya ƙara inganta, ka kuma raba. Haka wannan manhaja take. 'Yanci huɗu ke nan: ka yi amfani da ita, ka bincike ta, ka raba ta, ka gyara ta. Lasisin da Linux ke kai, mai suna GPL, ya ƙara sharaɗi ɗaya. In ka gyara kuma ka raba, dole ka bar naka gyaran a buɗe, yadda ka samu.

Ina so ku riƙe wannan, domin yana da nauyi a wajenmu. In ka kwafi Linux ka ba ɗan'uwanka, halal ne. Masu shi ne suka ce a yi haka. Mu faɗi gaskiya, da yawan Windows da Office da ke cikin kwamfutocinmu na bogi ne, an fasa makullinsu. Kuma ɗan abin da ake fasa makullin da shi, sau da yawa shi ne ke shigo da bairos. Ka biya a sa maka, ka koma gida da ɓarawo a cikin jaka. Da Linux babu makullin da za a fasa. Daga masu shi kake karɓa, kyauta, da yardarsu.

Wani zai tambaya, abin da ake bayarwa kyauta, anya yana da inganci? Duba aljihunka. In wayarka Android ce, Tecno ko Infinix ko itel ko Samsung, zuciyar Linux ce ke bugawa a cikinta. Ka daɗe kana amfani da shi ba ka sani ba. Manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya, tun ƙarshen 2017 dukansu Linux suke amfani da shi. Jandarmomin Faransa sun fara komawa kansa tun 2008. Makarantun gwamnati a jihar Kerala ta Indiya da shi suke koyar da yara. A 2024, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000 kan buɗaɗɗiyar manhaja. Waɗannan ba maganar kuɗi kaɗai ce ta kai su ba. So suke ikon kwamfutocinsu da bayanan jama'arsu ya zauna a hannunsu.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda za a ceci tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi. Mun zo kashi na uku: wanne za ka ɗauka?

Tunda kowa na da izinin gyarawa, Linux iri-iri ne. Akwai Debian, dattijo, tun 1993. Akwai Ubuntu, wanda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, a kan tushen Debian. Akwai Fedora. Akwai Zorin. Sun fi ɗari. Kar yawansu ya ruɗa ka. In yau za ka fara, shawarata ɗaya ce: Linux Mint. Zan maimaita. Linux Mint.

Me ya sa? Domin wanda ya saba da Windows ba zai ɓata ba. Maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu. Agogo yana ƙasa ta dama. Folda folda ce. Wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya fara shi a 2006, kuma a kan Ubuntu aka gina shi. Zubi na 22 ya fito a 2024, za a ci gaba da aiko masa gyaran tsaro har 2029. In lokacin ya zo, ka hau na gaba, kyauta.

Abin da yake nema kaɗan ne. RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a yanzu, giga 2 zai tashi, giga 4 zai yi daɗi. Wurin ajiya giga 20 ya isa a fara. Yana zuwa da fuska uku. Cinnamon ita ce mai kyan gani. MATE tana tsakiya. Xfce ita ce marar nauyi. In kwamfutar ta tsufa sosai, ɗauki Xfce.

Ga wata shawara a gefe. In kana da 'yan kuɗi kaɗan, ka sa mai gyara ya cire tsohon rumbun ajiya mai juyawa, ya sa maka SSD. A ganina babu kuɗin da za ka kashe wa tsohuwar laftof da ya fi wannan amfani. Kwamfutar da ke ɗaukar mintuna kafin ta tashi sai ta koma tashi cikin daƙiƙu.

Yanzu ga wurin da na fi so ku ba ni kunnuwanku. Yadda za ka gwada ba tare da ka goge komai ba.

Amma kafin komai, kwafe kayanka. Takardu, hotunan biki da na suna, karatun malamai da ka tara, kundinka. Kwafe su a wani filashi ko rumbu na waje. Ka buɗe su a can, ka tabbatar sun shiga. Ba na so wani ya ce ya ji a rediyo, ya yi asarar aikin shekara. Kwafe kayanka tukuna.

To, sai ka sauko da Linux Mint daga shafinsu na asali. Girmansa wajen giga 3 ne. Na san data da tsada. Ka jira garaɓasar dare, ko ka je inda ake da waifai. Kuma ga daɗin abin: mutum ɗaya ya sauko da shi, unguwa duka ta amfana. Filashi ɗaya zai sa wa kwamfuta 50.

Nemi filashi mai giga 8, wanda ba komai a ciki, domin za a share shi. Ba kwafa kawai ake yi ba, akwai 'yar manhajar da ke rubuta shi yadda kwamfuta za ta iya tashi daga kansa. Rufus na yi. Etcher na yi. Ventoy na yi. Duk kyauta ne.

Kashe kwamfutar. Soka filashin. Kunna, ka yi ta danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi. A HP galibi F9 ne. A Dell da Lenovo, F12. Zaɓi filashin. Jira kaɗan.

Linux Mint zai buɗe a gabanka, cikakke. Daga filashin yake gudana. Bai taɓa Windows ɗinka ba. In ka kashe ka zare filashin, komai zai koma yadda ka bar shi. Gani ya kori ji, to ka duba da kyau. Waifai na kamawa? Sauti na fita? Kyamara na aiki? Maɓallin ƙara haske da rage shi fa? Jona firintarka, ka buga shafi ɗaya. Zai ɗan yi nauyi saboda filashi ba shi da sauri, kar wannan ya dame ka.

In waifai ya ƙi, kar ka karaya. Wasu tsofaffin laftof suna buƙatar direba, wato 'yar manhajar da ke koya wa tsarin yadda zai yi magana da wani sashe na ƙarfe. Jona wayarka da kebul, ka ba kwamfutar intanet daga wayar, ka buɗe Driver Manager. Sau da yawa shi zai nemo abin da ya rage.

In ka gamsu, sai ka sa shi dindindin. A nan ka natsu. Zai tambaye ka abu biyu. Ko ya zauna gefe da gefe da Windows, duk lokacin da ka kunna ka zaɓi wanda kake so. Ko ya share komai ya zauna shi kaɗai. Kalmar da za ka gani a allo ta wannan zaɓi na biyu ita ce Erase. In ka zaɓe ta, komai ya tafi, babu dawowa. Wanda bai tabbata ba, ya zaɓi zama gefe da gefe. Kuma kar ka fara sai batir ya cika, ko kana da tabbacin wuta. Aikin bai fi rabin awa ba, amma ɗaukewar wuta a tsakiyarsa ɓarna ce.

Kashi na huɗu. Zan faɗi abin da Linux ba zai yi muku ba, domin amana ce.

In sana'arka CorelDRAW ce, kana zana katin biki da kalanda da fosta, to CorelDRAW ba ya aiki a Linux. Photoshop ma haka. AutoCAD ma haka. Akwai madadinsu. Inkscape na zane. GIMP na gyaran hoto, kuma sabon zubinsa na 3 ya fito a watan Maris na 2025. Suna da ƙarfi. Amma hannu ya riga ya saba da wani, kuma abokin ciniki ba zai jira ka koya ba. Kai mai wannan sana'a, kar ka share Windows a kwamfutar da kake cin abinci da ita. Ka sa Linux a gefe, ka riƙa shiga intanet da banki ta cikinsa, ka bar Windows don zane kawai, ba tare da intanet ba. Haka ma mai shagon da ke amfani da na'urar ɗaukar zanen yatsa, ko wata manhaja ta musamman da wata hukuma ta ba shi. Ya tambaya tukuna ko tana aiki a Linux.

Amma sauranmu fa? Mu lissafa abin da muke yi da kwamfuta. Rubutu. Lissafi. Shiga shafin makaranta. Imel. Kallon bidiyo. WhatsApp ta burauza. Taron Zoom. Duk wannan Linux Mint na yi. Firefox na ciki tun daga farko. Chrome ma akwai na Linux. VLC akwai. Audacity na masu haɗa sauti akwai.

Na rubutu da lissafi sunansa LibreOffice, shi ma yana zuwa a ciki. Wata gidauniya a Jamus ce ke kula da shi, tun 2010. Writer shi ne madadin Word. Calc madadin Excel. Impress madadin PowerPoint. Yana buɗe takardun Word, yana kuma ajiyewa a tsarinsu.

Ɗalibai, ga taku. Ka gama kundinka a Writer. Ka kai shagon buga takardu, aka buɗe a Word. Sai ka ga babi ya zame, jadawali ya tsallaka shafi. Dalili shi ne salon haruffan da ke kwamfutocin biyu ba lalle ya zama ɗaya ba. Maganin mai sauƙi ne. Kafin ka fita daga gida, mayar da shi PDF. Maɓalli ɗaya ne a Writer. PDF ba ya zamewa, yadda ka gan shi haka zai fito. In kuma malaminka ya ce lalle sai Times New Roman, akwai ƙunshin haruffan Microsoft da za ka iya saukowa da shi daga ma'ajiyar manhajoji.

Ga wani abin da ya shafe mu mu Hausawa. Haruffanmu masu lanƙwasa. Ɓ ta ɓera, ɗ ta ɗaki, ƙ ta ƙasa. Nawa ne a cikinmu ke rubuta su daidai a kwamfuta? A Linux, tsarin madannai na Hausa yana nan a ciki, ba sai ka nemo daga waje ba. Shiga saitin madannai, ka ƙara sabon tsari, ka nemi Hausa. Za ka ga na Najeriya, za ka ga na Gana. Akwai hoton da ke nuna inda kowane harafi yake. Malaman Islamiyya, tsarin Larabci ma yana nan, kuma Writer na rubutu daga dama zuwa hagu. Ina roƙon marubutanmu da malamanmu su yi amfani da wannan. Yaranmu suna koyon rubutu daga abin da suke gani.

Mun zo kashi na ƙarshe, zaman yau da kullum da Linux, da maganar tsaro.

A Windows mun saba yawo a intanet muna neman manhaja, mu sauko da ita daga shafin da ba mu san mai shi ba. A Linux Mint akwai Software Manager, ma'ajiyar manhajoji, tamkar Play Store na waya. Daga nan kake ɗauka. Masu lura da data, ku kula. Wata manhajar za ka gan ta kashi biyu, ta tsarin da kuma ta Flatpak. Ta Flatpak ta fi sabunta, amma sau da yawa ta fi cin data nesa ba kusa ba. Duba girman kafin ka danna.

Sabuntawa kuma a hannunka take. Wata 'yar garkuwa ce a ƙasan allo, kusa da agogo. In gyara ya zo, za ta nuna alama. Ba za ta kwashe maka data a ɓoye ba. Ba za ta kashe maka kwamfuta kana tsakiyar aiki ba. Amma wannan 'yanci nauyi ne a kanka. Sa rana ɗaya a mako, ka danna ta. In ka bar ta wata da watanni, ka koma inda mai Windows 10 yake.

Akwai kuma Timeshift. Yana ɗaukar hoton tsarin yadda yake a yau. In gobe wani abu ya rikice, ka mayar da shi jiya. Kunna shi tun ranar farko. Sai dai ka sani, tsarin yake karewa. Takardunka da hotunanka, kai za ka ci gaba da kwafe su a waje.

Za ku ji ana maganar tamina, baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Kar ya ba ku tsoro. Za ka iya shekara ba ka buɗe shi ba. Amma ga gargaɗi. Duk umarnin da ya fara da sudo, ma'anarsa ka ba shi cikakken iko a kan kwamfutar. Shi ya sa yake neman kalmar sirrinka. Kar ka kwafo umarni daga bidiyo ko wani zaure ka liƙa, alhali ba ka san aikinsa ba. Tambayi wanda ya sani.

Shin Linux ba ya kamuwa da bairos? Za ku ji masu cewa haka. Ba daidai ba ne. Ya fi wuyar kamuwa, kuma yawancin bairos ɗin da ke yawo a filashinmu an yi su ne don Windows, ba sa tashi a cikinsa. Amma 'yan kutse ba sa barci.

Ga abin da ya faru a watan Maris na 2024. Akwai wata 'yar manhaja, XZ, aikinta matse fayil ya ƙanƙance. Kusan kowane Linux na ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne, ɗan sa-kai, ya yi shekaru yana kula da ita, har ya gaji. Sai wani ya bayyana da sunan Jia Tan, yana taimakawa. Ya yi wajen shekara biyu yana aiki mai kyau, har aka amince da shi, aka ba shi iko. Daga nan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa, wadda da ta yaɗu, da ta buɗe masa manyan kwamfutoci a faɗin duniya.

Wa ya gano? Wani injiniya Bajamushe, Andres Freund, ma'aikacin Microsoft. Yana gwajin wani aiki daban, sai ya lura shiga wata kwamfutarsa ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa kawai. Bai ƙyale ba. Tunda rubutun a buɗe yake, ya bi sawu har ya kai ga ƙofar. Ya sanar ranar 29 ga Maris. Cikin kwanaki aka cire ta. Ba ta kai ga zubin da jama'a ke amfani da shi na Ubuntu ko Mint ba, ta tsaya galibi a zubin gwaji. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne wancan ɗan sa-kai da aka bari shi kaɗai, duniya na cin moriyar aikinsa, ba mai tambayar lafiyarsa. In Allah ya hore maka, waɗannan ayyuka suna karɓar gudummawa. In kana da ilimi, suna neman masu fassara, kuma Hausa na cikin harsunan da ke da ƙarancin hannu.

Abu ɗaya kuma babu manhajar da za ta kare ka daga shi. Wani ya kira ka, ya ce daga banki yake, ya nemi lambar BVN ko lambar da aka turo maka yanzu. In ka ba shi, Linux ba zai hana shi kwashe kuɗinka ba. Banki ba ya neman wannan ta waya. Kashe kiran.

Kafin lokaci ya ƙure, ina da magana da masu gyaran kwamfuta, da shugabannin makarantun da ke da ɗakin kwamfuta cike da ƙura. Injiniya, ka ajiye filashin Linux Mint a teburinka. In an kawo maka laftof zubi na 5 ko na 6, ka nuna wa mai ita, ya gani da idonsa, ya zaɓa. Ka karɓi kuɗin aikinka, lasisin bai hana ba. Ka sa masa madannan Hausa, ka kunna masa Timeshift, ka nuna masa garkuwar sabuntawa. Shugabar makaranta, Malama, a sa wani ya gwada kwamfuta ɗaya daga cikin waɗanda aka jingine. In ta tashi, a ƙara mata Kiwix, manhajar da ke ajiye Wikipedia a cikin kwamfuta, har da ta Hausa, yara su karanta ba tare da intanet ba. In ɗaya ta yi, a bi sauran.

Nan za mu dasa aya. A shiri na gaba za mu ɗauki LibreOffice Calc, mu ga yadda mai shago zai tsara lissafin kaya da na bashi.